MAGE MAI GADIN RUMBU: WA KE KULA DA LAFIYARTA?

Wata rana da sanyin safiya, a tsakiyar hunturu, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama a ƙofar gidanmu. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Malam, don Allah zo ka duba mini kyanwar nan, tun daren jiya ban gane mata ba." Na bi ta. Muka tarar da kyanwar kwance a bayan randa, fuskarta ta kumbura, tana numfashi sama-sama kamar wadda ta yi gudu. Da na ɗaga leɓenta sai na ga dasashinta, wanda ya kamata ya zama ja-ja, ya koma ruwan ƙasa kamar laka. Na ce, "Mama, me kika ba ta?" Ta ce, "Babu komai, ɗana. Mura na ga tana yi, shi ne na ɓare mata Panadol ɗaya na tura mata a cikin kifi." Kafin a tashi daga sujadar safe kyanwar ta mutu.

Wannan baiwar Allah ba mugunta ta yi ba. Tausayi ne ya sa ta. Shekara shida kyanwar tana gidanta, kuma a cikin shekarun nan ko buhu ɗaya ɓera bai huda mata ba. Amma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa maganin da take ba jikokinta in sun yi zazzaɓi guba ne ga mage. Dalili kuwa shi ne, hantar mutum tana da wani sinadari da ke warware farasitamol ta fitar da shi daga jiki, ita kuwa hantar kyanwa ba ta da isasshensa. Sai maganin ya juye ya lalata jininta, jinin ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya tak mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar mage. Akwai makarinsa a wurin likitan dabbobi, amma sai an kai ta cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Haka ibufurofen da sauran magungunan ciwon jiki da muke saya a kemis: suna ƙona mata ciki, su kashe ƙoda. Asfirin ma ba a ba ta sai da awon likita.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance ke nan a wannan mako. A ƙasarmu akuya tana da mai duba ta, kaza ma in ta yi sanyi akan nemo mata magani, domin dukiya ce da za a iya kaiwa kasuwa. Mage kuwa, da yake ba a sayar da ita, sai aka bar ta ta ji da kanta. In ta rayu, to. In ta mutu a roƙo wata a maƙwabta.

AIKIN DA TAKE YI MANA

Mai karatu, kafin ka ce ina ruwanka da lafiyar kyanwa, tuna da garin Lassa da ke kudancin Jihar Borno. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. Aka ɗauko ta zuwa Jos, a can ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta, ta ukunsu Penny Pinneo ce ta tsira bayan an kai ta Amurka. A 1970 kuma cutar ta kashe Dokta Jeanette Troup a Jos. Daga baya masu bincike suka gano cewa wani ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke shiga ɗakuna da rumbuna musamman da rani, shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi da garin da muka shanya. Har yau zazzaɓin Lassa yana cin rayuka a Nijeriya kowace shekara. A cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don rage ɓeraye a gida, ban da rufe abinci da zubar da shara nesa, har da ajiye kyanwa.

To, mai gadi irin wannan ai ya cancanci a kula da shi. Kuma mage marar lafiya ba ta farauta, sai dai ta ƙara wa gida cuta.

TUWO BA ABINCINTA BA NE

Kuskure na farko da yawancinmu ke yi shi ne na abinci. Wasu kan ce kada a ba ta komai, wai in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba. Wannan ba gaskiya ba ne. Farauta halinta ce, ko a ƙoshe take in ta ga motsi sai ta daka tsalle. Yunwa ba ta ƙara mata ƙwazo, sai dai ta koya mata satar nama a tukunya, ko ta bar gidan ta koma inda ake jefa mata ƙashi.

Wasu kuma suna ba ta, amma ƙanzo da sauran tuwo da miya. Kare yana iya rayuwa a kan wannan, amma kyanwa an halicce ta ne maciyar nama zalla. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshensa, sai ta same shi a cikin nama ko kifi. A 1975 masana suka nuna cewa rashinsa yana makantar da kyanwa sannu a hankali, a 1987 kuma likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya suka gano yana raunana mata zuciya har ta mutu. Ba sai ka sayi abincin gwangwani mai tsada ba. Zuciya da huhu da sauran kayan ciki da mahauta ke sayarwa da araha, kan kaza da ƙundu, dafaffen ƙwai, kifi da aka dafa aka cire ƙaya, duk sun isa, a haɗa da 'yar shinkafa kaɗan in ana so ya auku. Hanta tana da kyau amma kada ta zama ta kullum, sau ɗaya a mako ya wadatar, domin yawanta yana sandarar da ƙasusuwan wuya. Kada a ba ta ƙashin kaza da aka dafa, yana tsagewa ya soke ta a maƙogwaro ko hanji.

Miyarmu kuwa, kowa ya sani, ba ta rabuwa da albasa da tafarnuwa, su kuma suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mage ko an dafa su ko ba a dafa ba. Gara a ɗebar mata nata naman kafin a zuba kayan miya.

Sai batun madara. Mun saba ganin hoton kyanwa tana lasar madara a littattafan makaranta, har muka ɗauka abincinta ke nan. Alhali kuwa yawancin maguna, da zarar an yaye su, cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu, sai zawo. Abin da take bukata shi ne ruwa mai tsabta a kasko, a sauya shi kowace rana, a ajiye shi nesa kaɗan da inda take cin abinci. Asalin kyanwa dabbar busasshiyar ƙasa ce, ba ta cika jin ƙishirwa ba, saboda haka in ruwan ya yi datti sai ta haƙura da shi, ƙodarta ce za ta biya bashin daga baya.

GUBAR DA KE CIKIN GIDAJENMU

A ganina, a garuruwanmu guba ta fi kowace cuta kashe maguna, kuma yawanci da hannunmu muke ajiye ta. Ga shinkafar ɓera. Mutum yana da kyanwa, ya kuma zuba shinkafar ɓera a lungu, ɓeran ya ci ya fito yana tangaɗi, kyanwar ta same shi a ɓagas ta cinye. Wani irin maganin ɓeran yana hana jini daskarewa, ba ya nuna alama sai bayan kwana uku zuwa biyar, sa'an nan a ga tana kasala, dasashi ya yi fari, jini na fita ta hanci ko a kashi. Irin wannan yana da magani in an kai ta da wuri tare da takardar gubar. Mai kyanwa ya zaɓi ɗaya: ko mage da tarko, ko guba. Ba a haɗa su.

Ga kuma fiya-fiya da Sniper da muke yayyafawa don sauro da kyankyaso. Kyanwa ba sai ta sha ba. Ta taka wurin, ta koma gefe ta lashe tafin ƙafarta, shi ke nan. Za ka ga miyau na dalala, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. Haka Dettol da Izal da ake wanke daɓe da su, hantar mage ba ta iya su. A bari ƙasa ta bushe sarai kafin a bar ta ta shiga.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ake shafa mata da sunan magani. Mutum ya ga ƙuma a jikinta, sai ya ɗebo kananzir ko baƙin mai ko maganin kaskar shanu ya mulke ta da shi. Duk abin da ka shafa wa kyanwa, ka sani ka ba ta ne ta ci, gama ba za ta kwanta ba sai ta lashe shi tas. Har maganin ƙumar karnuka ma, wanda ke ɗauke da sinadarin famitirin, yana sa kyanwa jijjiga har ta mutu. In tsautsayi ya sa irin wannan ya taɓa ta, a wanke ta nan da nan da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwano, a naɗe ta a tsumma, a nufi asibitin dabbobi. Kada a ɗura mata manja ko madara da ƙarfi, sau da yawa huhu yake wucewa.

ALLURAR RIGAKAFI

Cuta ɗaya ce a cikin cututtukan mage da ya kamata ta hana kowane magidanci barci, watau ciwon haukan kare. Sunan ne kawai na kare, amma kyanwa ma tana kamuwa in mahaukacin kare ya cije ta, ita kuma ta ba ɗan da ke wasa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, da yawansu kuma yara ne. Gaskiya ne kusan duka ta cizon kare ne, amma wanda ya zo ta kyanwa bai fi sauƙi ba. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tashi.

Ana yi wa kyanwa allurar tana da wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, ko yadda likita ya rubuta a katinta. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda take wurin tun 1924, tana cikin masu yin allurar wannan ciwo a ƙasar nan. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Maiduguri da Sakkwato da Jos, ban da asibitocin dabbobi na jihohi. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara rana ce ta yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma a lokacin akan sami wuraren da ake yin allurar kyauta. Sai dai a kula, a gaya wa mai allurar cewa kyanwa ce aka kawo, domin akwai irin da aka yi don karnuka kaɗai, mai ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, wanda bai dace da mage ba.

In kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi har jini ya fito, musamman baƙuwar mage ko wadda halinta ya sauya ba dalili, kada a tsaya shafa toka ko ɗaure wurin. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 cur, a duba agogo, sa'an nan a tafi asibiti ran nan, ba gobe ba. In ta gida ce kada a kashe ta, a kulle ta a ɗaki ana ba ta abinci har kwana 10. In ta wuce kwanakin nan garau, ba ta ɗauke da ciwon a miyaunta lokacin da ta yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a ga likita. Ko ba hauka, haƙoran mage sirara ne kamar allura, suna tura ƙwayoyin cuta can ciki, hannu ya kumbura cikin kwana ɗaya.

Akwai wata allurar kuma mai kare ta daga cututtuka uku a haɗe, ana fara ta tana da mako takwas ko tara, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu. Biyu daga ciki su ne ke kawo murar kyanwa: atishawa, majina, kwantsa ta manne ido, gyambo a harshe. Babbar mage takan warke in ana goge mata ido da hanci da auduga da ruwan ɗumi, ana ba ta abinci mai ƙamshi kamar kifi mai ɗumi, domin in hancinta ya toshe ba ta ci. Ƙanana kuwa sukan rasa ido. Ta ukun ita ce mugun, mai kawo amai da zawo, wadda ke share 'yan kyanwa ɗaki guda cikin kwana biyu-uku. Ƙwayarta tana iya zama a daɓe da kasko har shekara guda. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa gidansa ba ya karɓar kyanwa, duk wadda ya kawo sai ta mutu, har ya fara zargin maƙwabta. Ba hannun kowa. A wanke wurin da ruwan bilic irin su Jik ko Hypo, kashi ɗaya cikin kashi talatin na ruwa, a ɗauraye, a kuma yi wa sabuwar allura kafin a kawo ta.

TSUTSA, ƘUMA DA MAKERO

Duk magen da ke cin ɓera da ƙadangare tana da tsutsar ciki, wannan ba sai an gwada ba. Ƙaramar da ka gani da tulun ciki da gashi a hargitse, macijin ciki ne, ta sha shi a nonon uwa. In kuma ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta, tsila ce, ta samo ta wajen haɗiye ƙuma ko cin ɓera. Ana ba ƙanana maganin tsutsa kowane mako biyu har su kai wata uku, kowane wata har wata shida, daga nan kowane wata uku. A karɓo wurin malamin dabbobi gwargwadon nauyinta. Ƙuma kuwa, wadda kake gani a jikinta kaɗan ce, ƙwai da 'ya'yan suna cikin tsumman da take kwanciya da ƙurar lungu, don haka a wanke tsumman da tafasasshen ruwa a shanya a rana. In tana yawan karkaɗa kai, kunne cike da baƙin datti kamar garin shayi, ƙananan ƙwari ne, ɗigon magani ke kashe su. Makero kuwa yana cin gashi zagaye-zagaye, kuma yana tsallakawa kan yara, a yi musu magani lokaci ɗaya.

Bari mu taɓa maganar da ake yawan yi cewa gashin kyanwa in ya faɗa abinci yana kawo tarin fuka. Tarin fuka ƙwayar cuta ce da mutum ke ba mutum ta tari. Abin da ke akwai shi ne wasu mutane jikinsu ba ya shiri da wani abu da ke cikin miyau da fatar mage, sai atishawa da ƙaiƙayin ido, mai asma kuma ta tashi. Irin wannan gida kada ta kwana a ɗaki. Mata masu juna biyu kuwa su bar wa wani kwashe kashinta, saboda wata ƙwayar cuta mai suna tokzofilasma da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Ƙwayar ba ta zama mai haɗari sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, saboda haka a kwashe kullum, a wanke hannu. Ba sai an kori kyanwar ba. Naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba su ma hanyarta ce.

MUZURU DA YAWON DARE

Kukan nan na dare mai kama da na jariri, wanda ke sa wasu su tashi su kunna fitila suna cewa mayu sun zo, ba komai ba ne illa macen kyanwa tana neman namiji, muzurai kuma na faɗa a kanta. Tun tana wata huɗu zuwa shida take iya ɗaukar ciki, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa har sau uku a shekara, huɗu-huɗu ko biyar-biyar. Lissafa ka gani. Ƙarshenta a zuba su a kwali a kai bola, abin da ba ya yi wa kowa daɗin gani. Likitan dabbobi yana iya yi wa macen aiki ta daina haihuwa, ya kuma fiɗiye muzurun, duka da allurar barci. Fiɗiyayyen muzuru yana zama gida, ya rage fitsari a bango, kuma yana kama ɓera kamar da. Amma kada a yi wa mage allurar tsarin iyali ta mata, yadda wasu ke yi a ɓoye. Tana tara mata mugunya a mahaifa, tana kawo ƙari a nono.

Muzurun da ke faɗa yakan dawo da ƙurji a kumatu ko gindin wutsiya, wanda sai an tsaga an wanke. Ta cizon nan ne kuma suke ba juna wata cuta mai karya garkuwar jiki, wadda aka gano a Amurka a 1986. Ba ta kama mutum. Abin da ba ya jira kuwa shi ne toshewar fitsari. In ka ga muzuru yana tsugunawa yana yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fita sai ɗigo ko jini, kada ka ce ciki ne ya ɗaure. Mafitsara ce ta toshe, kuma cikin kwana biyu zuwa uku zai mutu in ba a buɗe ba.

Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, ba ta raki kamar kare. Alamarta ita ce sauyin hali: mai tarbarka ta koma ƙarƙashin gado, mai gyaran jiki ta bar gashinta ya cukurkuɗe, tsohuwa ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa tana ramewa, wanda sau da yawa ƙoda ce. Zafin jikinta na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, ya fi na mutum, don haka jin ɗumi a hannu ba ya nuna zazzaɓi. In ta yi kwana biyu ba ta ci ba, ko tana numfashi da baki a buɗe, a kai ta.

Wajen kai ta ɗin ma akwai dabara. Kada a rungume ta a kan babur, ƙarar farko za ta tsaga maka hannu ta faɗa titi. Kada kuma a ƙulle ta a buhun leda. A samu kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huhhuda, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, a ɗaure da igiya, a rufa zane a sama don ta sami duhu. A tafi da katin allurarta, da kwalba ko takardar duk abin da ake zaton ta ci, kuma in an riga an ba ta wani magani a gida a faɗa wa likita sunansa da lokacin da aka ba ta.